Abin da Likita Ya Faɗa da Abin da Na Faɗa wa Inna

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. A shekarar da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da huɗu, ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kudu, ina da aure da 'ya'ya uku, kuma in ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Ni ce wadda ta yi boko mai zurfi a danginmu, saboda haka duk takardar da ta shigo dangi, ta asibiti ce ko ta makaranta, ba a cewa komai a kanta sai an jira Malama ta gani. Na saba da wannan matsayi har na fara ganin duk abin da na fahimta da Turanci mallakina ne, in na ga dama in bayar, in na ga dama in ajiye. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni tun kafin su kai tsakiya, kuma na daina jin tsoron hakan.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Iyayena mutanen Sara ne ta ƙasar Gwaram, manoma masu 'yan shanu a bayan gida, kuma gidanmu yana cikin gidajen da ake kunyar ɗan fari ba da wasa ba. Ana yaye ni aka kai ni Dingaya wurin yayan Inna, wanda nake kira Kawu. Shi da matarsa suka riƙe ni, shi ya sa ni a makaranta lokacin da maƙwabta ke cewa ɓata lokaci ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Idan ya zama dole ta ambace ni sai ta ce 'yar Yaya. Idan na je Sara hutu ba ta cin abinci a gabana, ba ta haɗa ido da ni, in kuma ta dama mini fura sai ta ajiye kwanon a tsakar gida ta ce wa iska a zo a ɗauke wannan kafin kaji su sa baki. Ƙannena kuwa har kan cinyarta suke kwanciya tana duba musu kai. Kowa yana yaba mata, ana cewa ga mace mai kara. Ni ma ina yabawa da baki, amma tun ina yarinya akwai wata yunwa a raina da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wannan karar tata ce ta raba ta da Kawu, kuma a kaina abin ya faru. Lokacin aurena mahaifina ya riga ya rasu. A wurinmu, ko da yake dangin uba ne ke da walicci, sukan miƙa shi ga wanda ya riƙi yarinya don a girmama wahalarsa. Kawu ya zo Sara da sabuwar riga, kowa ya san shi zai ba da ni. Sai ga shi a wurin ɗaurin aure ƙanen mahaifina ya matso gaba ya yi waliccin da kansa, ko waiwayar Kawu bai yi ba. Daga baya aka gane tun kwana biyu kafin nan Inna ta ji ƙishin-ƙishin haka za a yi, amma ta ja bakinta ta yi shiru, don uwa ba ta sa baki a maganar 'yar fari. Kawu bai tsaya cin abinci ba. Ya shiga cikin gida ya gaya mata abin da waɗancan suka yi bai yi masa zafi kamar shirunta ba, ya kuma rantse ba zai ƙara taka ƙofarta ba sai ta zo Dingaya da ƙafarta ta gaya masa abin da ya hana ta magana. Ita kuma zuwa yin wannan bayani yana nufin ta buɗe baki ta yi zancena, ga kuma taurin kan da su biyun suka sha a nono ɗaya. Haka suka shekara tara suna gaisawa ta bakin mutane.

Da bazarar shekarar da nake ba ku labari Inna ta fara rama, idanunta suka yi rawaya, cikinta ya riƙa ciwo ta gefen dama. An sha sassaƙe an gaji a Sara, sai ƙanwata, autarmu, ta ɗauko ta ta kawo ta babban asibitin Birnin Kudu. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ce mu dawo bayan kwana biyar. Auta tana da goyo da gida, ta koma. Ranar karɓar sakamako daga ni sai Inna muka shiga wurin likita. Ɗan kudu ne, mutum mai natsuwa, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ke ciwo ba. Ya tambaya ko ya kira ma'aikaciyar jinya ta yi tafinta. Na gyara zama na ce masa babu buƙata, ni 'yarta ce, kuma Turanci shi ne abin da nake koyarwa. Har yau idan na tuna yadda na faɗi wannan magana da ɗan murmushi sai in ji kamar in nutse.

Likita ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana duban Inna ba ni ba. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, abin da ya rage musu shi ne su rage mata zafi. Ya ce Allah ne masani, amma a ganinsa bai wuce wata uku ko huɗu ba, kuma a watanni biyun farko ne kaɗai za ta iya tafiya da ƙafarta. Ya ce a bar ta ta ci abin da ranta ke so, ta je inda take son zuwa, ta ga wanda take son gani, kuma yanzu, ba sai an jima ba. Sai ya yi shiru yana jiran in fassara. Inna tana zaune ta juya fuska wajen bango, ta kama bakin mayafinta, ta ce a tambayi likita mene ne ya gani. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa olsa ce ta yi tsanani har ta taɓa hanta, za ta warke da magani, amma dole ta zauna kusa da asibiti. Likita ya dube ni, ya tambaya ko na faɗa mata duka, don ya ga na gama da wuri. Na ce masa e, mu Hausawa muna da yadda muke faɗin irin wannan a taƙaice.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi haka, wai jin labarin zai karya mata zuciya ya kashe ta kafin ciwon. Akwai wannan a ciki, ba zan musa ba. Amma babban dalilin ba shi ne ba. Na san mutanenmu. Da na faɗa mata gaskiya, washegari za ta ɗaure kayanta ta koma Sara, don kowa a ɗakinsa yake son ajali ya same shi, ni kuma in koma mai zuwa dubiya ranar Asabar, in gaishe ta daga bakin ƙofa ta amsa wa bango. Da olsa kuwa ina da hujjar ajiye ta a gidana. A cikin daƙiƙar nan da likita ya yi shiru, abin da na gani kenan: a karo na farko a rayuwata zan kwana in tashi gida ɗaya da wadda ta haife ni. Na ga dama ta zo, na cafke, ban tsaya tambayar ta wace ce ba.

Maigidana kaɗai na gaya wa gaskiya, a ranar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce abin da na yi ba daidai ba ne. Ya ce rayuwarta ce, kuma musulmi yana son ya san inda ya dosa don ya yi wasiyya ya nemi yafiyar mutane, wa ya ba ni ikon tsayawa tsakaninta da wannan. Na yi kuka na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya in sami yadda zan faɗa mata. Ya ba ni. Shi kansa ba zai iya yi mata maganar ba, suruki ne, in ta ji sallamarsa ma ɗaki take shigewa. Mako ya zama biyu, biyu suka zama wata, duk lokacin da ya tayar da zancen sai in ce ai gobe.

Ba zan yi ƙarya ba, makonnin farkon nan su ne mafi daɗi da na taɓa yi. Na share mata ɗakin da ke kusa da nawa. Ina dawowa daga makaranta sai in ajiye jaka in zauna ina matsa mata ƙafafu da man zafi, ita ta kau da kai tana jan carbi, amma ba ta janye ƙafar ba. Na gano tana son ruwan wanka mai ɗumi kaɗan, na gano tana yi wa kaji magana kamar mutane, na gano dariyarta irin tawa ce sak, abin da ban taɓa sani ba a shekara talatin da huɗu. Ranar da ta ce wa ƙofa ruwan 'yar Yaya ya cika zafi, wannan ne faɗa na farko da ta taɓa yi mini, kuma na wuni ina murna kamar an ƙara mini girma a wurin aiki.

A mako na uku ne ta faɗi maganar da ya kamata ta tashe ni. Ina tsince mata zogale a bakin ɗaki, sai ta fara magana tana duban labule. Ta ce idan olsar nan ta lafa akwai tafiyar da za ta yi Dingaya. Ta ce akwai maganar da ta riƙe shekara tara, ta gaji da ɗaukarta, tana son ta sauke ta a gaban Yaya. Amma ba ta so a kai ta a tallafe, kada ya ce ciwo ne ya kawo ta ba ita ta zo ba. Da ƙafarta ya ce, da ƙafarta za ta je. Ta ƙara da cewa takalminta ya tsinke, in ana shiga kasuwa a duba mata wani. Washegari na sayo mata baƙin takalmi mai taushi, ta gwada ya yi mata daidai, ta ajiye shi a gefen gado. Masu karatu, a wannan makon Inna tana iya zuwa Dingaya. Tana tashi da kanta, tana zuwa banɗaki da kanta, mota ɗaya da acaɓa ɗaya ne tsakaninta da ɗan'uwanta. Na san haka, na kuma san adadin makonnin da suka rage mata na tafiya. Abin da na ce shi ne a bari a gama maganin wannan watan tukuna.

Daga nan na gane na rufe kaina a ɗaki na jefar da mabuɗin. Ƙarya ɗaya na yi a gaban likita, amma kullum sai na yi wasu don in tallafe ta. Dangi suna zuwa daga Sara da zuma da garin magani iri-iri na olsa, ina karɓa ina godiya. Ranar komawa asibiti sai in zaunar da Inna nesa da matan da ke hira a kan benci, in ma'aikaciyar jinya ta nufo mu in riga ta magana da Turanci don kada ta yi Hausa. Katin asibitin a jakar makaranta nake ɓoye shi, tsakanin littattafan ɗalibai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaji. Inna mace ce mai son miyar kuka da yaji har sai gumi ya karyo mata, amma kowa ya san mai olsa ba ya cin yaji, don haka dole na hana ta, in ba haka ba a gane. Likita ya ce a bar ta ta ci abin da take so, ni kuma na ajiye mata lami a watanninta na ƙarshe. Takan ɗanɗana ta ce wa kwano ai lafiya ta fi, ta tura loma biyu ta ajiye.

Kawu kuma duk Juma'a yake kirana bayan an sauko masallaci. Sai ya tambayi maigida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta, ya yi zancen ruwan bana, sai can da zai kashe waya ya ce, kamar abin bai dame shi ba, baƙuwar tamu fa. In ce da sauƙi, olsa ce. Ya ce to madalla, a kiyaye mata yaji. Mutumin da ya goya ni a kan keke zuwa firamare, shi nake yi wa wannan duk mako. Kuma kowace rana ta wuce faɗin gaskiyar yana ƙara nauyi, don yanzu ba abu ɗaya zan faɗa ba, biyu ne: ciwon, da kuma cewa na sani tun farko. Na rame har malaman makarantarmu suna tsokanata wai ko ni ce mai olsar.

A tsakiyar wannan hali darasi ya kawo ni kan wata kalmar Turanci da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe suke yawan haɗuwa da ita. Ba sai na rubuta ta ba, ba aji muke ba. Kalma ce da ake amfani da ita idan mutum ya riƙe abu ya ƙi sakinsa alhali ana jira. Na rubuta ta a allo na jero musu inda ake sa ta: a riƙe sakamakon jarrabawar ɗalibi, shaida ya riƙe abin da ya gani a gaban alƙali, uba ya riƙe amincewarsa, ma'aikaci ya riƙe bayanin da aka zo nema. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaya ko ita ce kawaici da Hausa. Na amsa ba tare da tunani ba, irin amsar da malami ke bayarwa don ya wuce gaba. Na ce a'a, mai kawaici abin da yake nasa yake dannewa, fushinsa ko sonsa ko hawayensa, amma wannan kalmar galibi abin wani ne a hannunka ka hana shi. Ina gama faɗa alli ya tsaya mini a hannu. Na juya wa aji baya na yi ta goge allon da babu komai a kansa har aka kaɗa ƙararrawa.

Ran nan na dawo gida da niyyar ko me zai faru sai na faɗa. Na shiga ɗakinta na same ta zaune a bakin gado, ta ɗauko takalmin tana ƙoƙarin sa shi. Ƙafafun sun kumbura, yatsun kaɗai ke shiga. Ta yi ta turawa, ta huta, ta sake. Da ta ji shigowata sai ta ajiye shi ta ce wa ƙasa takalman yanzu ba su da kirki, tun ba a sa su ba suke motsewa, a ajiye shi dai, kumburin zai sauka. Na durƙusa a gabanta. Maganar tana bakina, na shirya ta tun a hanya, har na san da kalmar da zan fara. Na dubi ƙafar, na dubi takalmin, na ga cewa in na faɗa yanzu abin da zan gaya mata shi ne lokacin tafiyarta ya wuce, kuma ni na cinye shi. Sai na ce e, zai sauka in Allah ya yarda. Na ɗauki takalmin na mayar gefen gado.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai wata safiya Inna ta tashi ba ta san inda take ba, harshenta ya yi nauyi. Muka kai ta asibiti aka ba ta gado. Likitan ya ce lokacin da ya faɗa ne ya zo, yanzu maganar kwanaki ake yi, sannan ya tambaye ni ko ta samu ta ga mutanenta kamar yadda ya ce. Na juya na fita. A barandar asibitin maigidana ya ce mini, ba tare da ɗaga murya ba, in ban tafi Dingaya yanzu ba shi zai tafi. Na kira wayar Kawu a kashe, lokacin aikin gona ne. Na bar Inna da Auta da ta iso da safen, na shiga motar Gwaram, daga can na hau acaɓa. Hanya duk taɓo, muna tafiya muna sauka muna turawa, ni kuwa ina addu'ar mu isa da wuri, ina kuma tsoron isar.

A gona na same shi. Na tsaya a tsakiyar gero na gaya masa komai, tun daga ɗakin likita har zuwa takalmin. Ya ajiye fartanya ya zauna a ƙasa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na ji sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe na sani. Na ce tun bazara. Ya lissafa da yatsunsa, ya daɗe yana duban hannun. Sannan ya ce da a ranar na kira shi, da a ranar ya zo. Ya ce rantsuwar me, ai ciyar da miskinai goma ne ya warware ta, shi shekara tara yana neman dalilin da zai sa ya je ba tare da an ce ya sauko ba, ga dalili ya zo na ɓoye masa. Ya miƙe. Ko gida bai shiga ya sauya riga ba, da taɓon gona a ƙafarsa muka kamo hanya.

Bayan la'asar muka iso. Ya zauna a bakin gadon ya kira ta da sunan da suke kiranta tun suna yara, ya ce shi ne, ya zo. Ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe masa, wauta ce irin ta manya. Inna ta buɗe ido, kuma na rantse ta gane shi. Leɓɓanta suka fara motsi. Kawu ya sunkuya ya kai kunnensa bakinta, sai wani sauti kawai ke fitowa daga maƙogwaro. Ta huta ta sake, ta huta ta sake, sau uku, har jijiyar wuyanta ta tashi, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Kawu yana ta cewa ta bari, ya ji, ya gane. Bai ji ba. Ni ina tsaye a ƙarshen gadon, na san bai ji komai ba. Daga nan barci ya ɗauke ta, kuma ba ta ƙara yin magana ba har Allah ya karɓi abinsa bayan kwana biyu, da hantsi. A Sara aka binne ta.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, Auta ta ja ni bayan rumbu ta ce akwai amanar da aka ba ta, yanzu mai ita ta tafi. Ta ce lokacin da ta zo dubiya a wata na biyu, ina makaranta, Inna ta gaya mata ita ta san ba olsa ba ce. Tun a ɗakin likita ta sani, don likita ya yi magana mai tsawo, tafinta ya yi gajeriya, kuma muryar tafintan tana rawa. Ta ce ta san ciwon tafiya ne. Auta ta tambaye ta me ya sa to ba za ta koma gida ba, ko ta je wurin Yaya tun tana iyawa. Sai Inna ta ce tun da ta haife ni ba ta taɓa zama da ni ba, ta ga abin da nake so, a bar 'yarta ta sami rabonta. Auta ta ce wannan ne karo ɗaya tak da ta taɓa jin ta ce 'yata a kaina. Dingaya kuma, in ji Inna, tana nan ba inda za ta, in an yi girbi sai ta je.

In an yi girbi. Nan na zauna a ƙasa. Inna ta gane ciwon da kanta, abin da ba ta da hanyar ganewa shi ne lokaci. Ta ɗauka tana da shekara, ko aƙalla har kaka, shi ya sa ta yi mini kyautar watannin nan da zuciya ɗaya. Ni kaɗai a duniya, ban da likita da maigidana, na san babu wani girbi a gabanta. Da na faɗa mata, na tabbata da ta je Dingaya ta yini ɗaya ta sauke maganarta, ta dawo ta ƙarasa kwanakinta a wurina, don ashe ita ma tana so. Da na samu duka biyun. Ita ta danne nata don ni, ni na danne nata don kaina.

Shekara huɗu kenan. Kawu ya tsufa sosai, bai taɓa yi mini gori ba, amma duk zuwan da zan yi Dingaya, in mun gama gaisawa, sai ya tambaye ni ko a zaman da muka yi Inna ta taɓa ɗan gutsura mini abin da take son gaya masa. In ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ce to, Allah ya sani. Wata na gaba in na koma ya sake tambaya. Na yi istigfari, ina yi mata sadaka, na nemi yafiyarsa ya ce ya yafe, amma wannan tambayar ba ni da amsarta kuma ba zan taɓa samu ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san ba ni kaɗai ba ce. Kullum a asibitocinmu akwai ɗa ko 'ya da ke tsaye tsakanin likita da tsoho, shi kaɗai ke jin abin da ake faɗa. In kai ne, ka sani maganar nan ba taka ba ce, aike ne aka ba ka. Ka faɗa da taushi, ka zaɓi lokaci, ka nemi babba ko malami ya taya ka in bakinka ba zai iya ba, amma ka isar, har da maganar lokaci, don ita ce marar lafiya ba zai iya ganowa da kansa ba. Kada ka kira shi tausayi sai ka tambayi zuciyarka wa kake tausaya wa. Ba ka san tafiyar da yake shirin yi ba, ba ka san wanda ke jiransa ba. Takalmin Inna yana nan a ƙarƙashin gadona, na kasa bayar da shi. Wani lokaci nakan ɗauko in juya shi, ƙasansa fes, ko tsakar gida bai taɓa takawa ba.